Kanikawan Ɗanbatta da Giyar da Ba Ta Jin Turi

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Ɗanbatta ke ci, titin da ya taso daga Kano ya ratsa garin ya nufi Kazaure da Daura yakan cika da motoci iri biyu. Akwai na neman abinci: Golf mai dogon baya da aka ɗaga wa ƙugu, Sharon, J5, da Kanta shaƙe da tumaki ko buhunan gero. Kusan dukansu masu giyar hannu ne, kuma da wuya a sami ciwonsu da zai gagari kanikawan garin. Akwai kuma motocin gida, na ma'aikata da 'yan kasuwa da masu zuwa sayen ragon suna, waɗanda a yau mafi yawansu otomatik ne. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta fara fizga wajen canjin giya, ko ta maƙale ta ƙi hawa ta gaba, amsar da mai ita ya fi ji ita ce: "Alhaji, sai dai a kai ta Kano," ko kuma "Giyar ta tafi, sai a ɗora wata." Na tashi a gefen wannan sana'a, domin kawuna bakanike ne, kuma a garejinsa nake cinye hutun makaranta ina wanke notina a kwanon fetur. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda sana'ar da a da ba ta mayar da mota ta wayi gari akwatin giya guda ya gagare ta.

Gyaɗa ce ta jawo mota ƙasar Kano. Layin dogo ya iso birnin a 1911, kuma cikin 'yan shekaru manoman karkara irin tamu suka mayar da gyaɗa amfanin sayarwa. Da fari jakuna da raƙuma ke kai ta birni, sannu a hankali manyan motoci masu bodin katako suka karɓe aikin, Bedford da Austin, daga baya Marsandi. Ɗanbatta tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Daura har zuwa Damagaram, don haka tun da wuri ta saba da ƙugin inji. Sai dai masu gyaran ba a nan suke ba. Suna garejin En'e da na ma'aikatar ayyuka a birni, ko a Sabon Gari wajen Yarabawa da Ibo, sai kuma tsofaffin sojojin da suka koyo tuƙi da gyara a yaƙin Bama. In mota ta lalace a hanya, direba da karen motarsa ke kwana a ƙarƙashinta, maƙerin gari ya ƙera musu abin da ya karye in dai ƙarfe ne. Daga cikin waɗannan, karen mota da maƙeri da mai gyaran keke, kanikawan karkara na farko suka fito. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun sa gwanaye da yawa 'yan kudu sun bar Arewa, yaran da ke miƙa musu sifana suka zama iyayen gida. Maigidan da ya yaye kawuna ɗaya ne daga cikinsu.

Amma sana'ar ba ta zauna da gindinta ba sai zamanin Fijo. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, wanda ya buɗe wa motocin Faransa da Jamus ƙofa. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo 504 a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Akori-kura 404 ta zama jakin kasuwannin karkara, 504 mai dogon baya ta zama motar haya ta tsakanin garuruwa, salun kuma ta zama motar gwamnati da ta hakimai. Ita 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 har ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Wato kusan shekara talatin bakaniken Ɗanbatta yana buɗe mota iri ɗaya. Ilimi ya taru, ya kwanta, ya gangaro daga maigida zuwa yaro ba tare da takarda ba.

Kuma mota ce da ake iya karantawa da jiki. Kafireta, kwantak, kwayil, fulogi huɗu, kuloci, giya huɗu da ribas, shi ke nan. Kawu yakan ɗora tsinin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya faɗa maka ko metal ne ya ci ko bawul ne ke neman saiti. Launin kan fulogi ya ishe shi sanin ko mai ya yi yawa. Warin kuloci da ya ƙone tun daga bakin titi yake jin sa. In gasket ya yanke a daji, kwali ya wadatar har a iso gari. Yaro kuwa yakan fara da wanki da aike, ya koma kwance taya da lagireto, sannan a bar shi ya sauke giya, kuma ba a yaye shi sai ya iya tarwatsa inji ya mayar ba tare da noti ɗaya ya rage a ƙasa ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka rashin basira ne ya kawo matsalar yau. Mutanen nan gwanaye ne na gaske.

Babbar gwanintarsu ma ba a gyara take ba, a sauya halittar mota take. Fijo ba ta fara aiki yadda ta fito daga Kaduna. Akori-kura sai an ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗauki abin da maƙerinta bai taɓa mafarki ba. Motar haya sai an ɗaga mata baya, an sa mata taya mai kauri. Tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ranar farko ake cire shi a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne. In fankar ta lantarki ce, a haɗa ta kai-tsaye, da an murɗa makulli ta hau juyawa. Masu fito a kan iyaka, ta Kwangwalam da Baɓura da Maigatari, su ne masu motocin tsere na ƙasarmu: a ɗora wa mota injin da ya fi nata, a buɗe kafireta, a ƙara tanki, a cire kujerun baya. Duk wannan ya yi aiki, kuma dalilin da ya sa ya yi aiki shi ne zuciyar wannan labari. Giyar hannu ba ta san komai ba. Haƙoran ƙarfe ne cikin mai, ba ruwanta da girman taya ko zafin inji. Mai sani yana zaune a bayan sitiyari. Ko me aka sauya a jikin motar, kunnen direba da ƙafarsa za su daidaita da shi kafin ya kai Kwanar Dumawa.

A can wata duniya kuwa tuni an ɗauke wannan sani daga direba an zuba shi cikin akwati. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic a 1939, a motocin Oldsmobile na 1940, Buick kuma ya biyo da Dynaflow a 1948. Kafin ƙarshen shekarun 1950 mafi yawan sababbin motocin Amurka otomatik ne. Turai ba ta bi ba, saboda tsadar fetur da ƙananan injuna, mu kuma ɗabi'ar Turai muka gada. Ita kanta 504 tana da samfurin otomatik mai giya uku ƙirar ZF ta Jamus, amma da wuya ka gan ta a titinmu. 'Yan ƙalilan ɗin da ake gani Marsandin sarakuna da attajirai ne, su kuwa ba a bakin titin Ɗanbatta ake taɓa su ba. Direbobi sun raina ta. Suna ce mata motar malalata, kuma babban laifinta a wurinsu shi ne ba ta jin turi: in batir ya mutu, ko mutanen tasha duka suka taru a bayanta ba za ta tashi ba.

Wannan ƙin jin turi yana da dalili, kuma wanda ya gane shi ya gane rabin giyar. A otomatik babu kulocin da ke manne inji da giya. A madadinsa akwai wata rufaffiyar tukunya cike da mai, wadda kanikawa ke kira kwambata. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su fuska da fuska, ka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin yake a cikin tukunyar, sai dai mai ne a maimakon iska. Bayanta akwai famfo, wanda inji ne ke juya shi, yana tura mai da ƙarfi ta cikin wani faranti mai siraran hanyoyi da ƙananan bawul, man kuma ya je ya matse jerin siraran faifai da ake kira faiba. Kowace giya tana da jerin da ake matsewa kafin ta shiga. In inji bai tashi ba famfo bai juya ba, babu abin da zai matse komai, turi ya zama aikin banza. Shi ya sa kuma jan otomatik da igiya daga Ɗanbatta zuwa Kano, tayoyin da ke ja suna ƙasa, yake ƙona ta: cikinta na juyawa, mai ba ya zagawa. Man nan shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke canja giya, shi ke santsi, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto. A giyar hannu mai ɗan rakiya ne, a nan kuwa shi ne ma'aikacin.

Sannan akwai tambayar yaushe za a canja giya. A tsofaffin samfura wata waya ce ke tasowa daga totur tana gaya wa giya yawan takun direba, wani ɗan ma'auni kuma a ciki yana jin gudun mota. Daga shekarun 1980 kwamfuta ta fara karɓar wannan aiki. Ƙwaƙwalwar mota, wadda ake kira birenbos a gareji, tana karɓar rahoto daga sensar gudu, da ta totur, da ta zafin ruwa, da ta zafin mai, sannan ta ba ƙananan bawul na lantarki, wato solonoyid, umarni. Ba ta gani, ba ta ji, da rahoto kawai take hukunci. Duk dabarar da ta ƙarfafa Fijo, a nan ta koma hanyar kai wa ƙwaƙwalwa rahoton ƙarya.

Ba a ga wannan nan da nan ba. Tsarin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, wadda kafin nan ta fi dala, ta koma kusan naira 4 a dala guda, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma wa na hannu daga Turai, 'yan Beljiyam, waɗanda ake saukewa a Kwatano a biyo da su ta Nijar, su shigo ta Maraɗi da Jibiya. Motocin shekarun 1990, Golf da Civic da Carina da Sunny da Marsandi 190, galibinsu masu giyar hannu ne, don haka kanikawa suka shanye su. Abin da ya fara ba su tsoro shi ne injekta, suka kuma magance shi irin yadda suka saba: a cire, a ɗora kafireta. Juyin gaske ya zo ne a shekarun 2000, lokacin da kasuwa ta karkata zuwa Amurka, inda kusan kowace mota otomatik ce. Camry da Corolla da Accord da Sienna suka cika gari, har da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye aka yi gwanjonsu a can. Gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu daga Janairun 2017, amma wannan bai sauya irin motar da mutane ke so ba. Wanda ya ɗanɗana otomatik a cunkoson Kano ba ya marmarin kuloci.

Amsar farko da sana'ar ta bayar ita ce mayar da otomatik giyar hannu. A sauke akwatin, a huda wurin fedal na uku, a ɗora ta hannu, kuma har gobe masu haya na yin haka, ba na kuma ganin laifinsu. Amsa ta biyu ita ce ta yi ɓarna: da giya ta yi tari sai a yanke mata hukunci, a tafi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a sayo 'yar Beljiyam a ɗora. Bakaniken da ubangidansa ke tarwatsa giyar Fijo ya canja haƙori ɗaya ya mayar, ya koma mai saukewa da ɗorawa. Sau da yawa kuma sabuwar giyar takan kama ciwon tsohuwar cikin 'yan makonni, domin ciwon tun asali ba a cikinta yake ba.

Na ga wannan da idona a motar wani abokin aikina, malamin makaranta, wanda ya sayi wata ƙirar Japan mai giya huɗu daga hannun wani saurayi ɗan birni. Saurayin ya yi mata kwalliya irin ta masu wasan mota: manyan rim, salansa mai ruri, an kwashe abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi. Da damina da kaka lafiya lau. Da hunturu ya kankama sai ta fito da hali. In ya fita da asuba zai tafi Kano, sai ta hau giya ta uku ta tsaya nan, inji na kuka, allurar mai na sauka, ta huɗu ta ƙi shiga. In ya juyo da azahar kuwa sumul. Ya zaga gareji bayan gareji. Wani ya yi masa juyen man giya, wani ya ce faiba ce ta cinye, wani ya ce ya nemo kuɗin Beljiyam kawai ya huta. Kawu, wanda a lokacin ya tsufa ya bar wa yaransa aiki, ya saurari labarin ya ce mini: "Ɗana, faibar da ta cinye ba ta san safe da rana ba. Ku nemi yaron da ke da na'ura." Ya san iyakar kunnensa, kuma ya san tambayar da ta dace.

Yaron da muka samu ya gama sakandare kafin ya shiga gareji. Bai taɓa giyar ba. Ya tambayi me da me aka sauya a motar, ya ce a zo masa da ita da sassafe, ya soka na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya zauna a gefe aka hau titi. Can sai ya nuna mana lamba a fuskar na'urar ya ce: "Malam, giyarka lafiyarta ƙalau. Injinka ne bai ɗumama ba." An cire tamostat, an haɗa fanka kai-tsaye, ga iskar hunturu tana dukan lagireto, zafin ruwa ya kasa kaiwa inda ake so. Motoci da yawa irin wannan an tsara ƙwaƙwalwarsu ta hana giyar ƙarshe shiga har sai inji ya yi ɗumi, don ya yi saurin kaiwa zafin aikinsa, wanda ke sama da digiri 80. Ƙwaƙwalwar tana jiran ɗumin da ba zai zo ba. Aka sa tamostat, aka mayar da fanka kan na'urarta, aka wanke lagireto aka zuba ruwan sanyaya na gaske, giya ta huɗu ta dawo. Ɗan nauyin tashi da ya rage ya tafi ne ranar da aka mayar da taya girman da ke rubuce a jikin ƙofar direba, domin babbar taya nauyi take ƙara wa inji wajen tashi, ƙwaƙwalwa kuma juyin ƙafa take ƙirgawa, ba ta san an ƙara girman tayar ba. Abin da aka kashe bai kai kuɗin man da aka juye a banza ba.

Tun daga nan nake lura da yadda ƙwararrun giya na gaske ke aiki, a Kwakwaci da sauran garejin Kano, na kuma ga hanyarsu ɗaya ce, buɗe akwati shi ne na ƙarshe. Suna farawa da bakin mai mota: yaushe take yi, da sanyi ko da zafi, da lodi ko wayam, kuma me aka taɓa kafin ta fara. An ɗora wani inji? An canja birenbos? An wanke inji da ruwan famfo mai ƙarfi? Sai mai. Lafiyayye ja ne garau a yawancin motoci, wanda ya ƙone baƙi-baƙi ne mai ƙauri, wanda kuma ya koma kalar madara ruwa ne ya shiga, galibi ta bututun da ke cikin lagireto, wanda ruwan rijiya ya cinye da tsatsa. Aunawar ma ba iri ɗaya ba ce: Toyota mai sandar awo ana duba ta inji na aiki ya yi zafi, Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan take. Ga kuma nau'in man. A shago ana cewa "man otomatik" kamar abu ɗaya ne, alhali Dexron da General Motors ya fito da shi a 1967 daban yake da T-IV da WS na Toyota, daban da Z1 da DW-1 na Honda. Giyar CVT kuwa, mai bel ɗin ƙarfe a maimakon jerin giya, irin wadda ke cikin Nissan da yawa, in aka zuba mata man otomatik na gama-gari an gama da ita.

Bayan mai sai na'ura. Tun 1996 doka ta tilasta wa duk motar da ake sayarwa a Amurka ta zo da soket ɗin bincike iri ɗaya, wato OBD-II, wanda ta nan mota ke faɗin inda take jin ciwo da lamba. A nan ma al'adarmu ta shiga tsakani. Cire indomi yana kunna wutar cek ta zauna a kunne, mai mota ya saba da ita, dillali kuma ya cire ƙwan ko ya liƙe shi da baƙin tef. Ranar da giya ta yi ƙara, babu wanda zai ji. Lambar ma ba hukunci ba ce, nuni ne. In ta ce solonoyid, yana iya zama wayar da ɓera ya ci, ko soket da laka ta cika, ko ƙarancin wuta daga batir. Motar da ta maƙale a giya ta uku ta ƙi motsi daga nan, sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ta kulle ta da gangan don ta lallaɓa ta kai gida. Wajen sauya giya kuwa, kamannin waje ba su isa ba. Masu kayan gyara na tambaya ko fin goma ce ko fin goma sha uku, domin akwatuna biyu na iya hawa jikin inji ɗaya daram, amma ɗaya giya huɗu ce ɗaya biyar, ƙwaƙwalwar da ta san waccan ba ta san wannan ba. Sai an wuce duk waɗannan, an auna ƙarfin mai, an sauke faranti an ga garin faiba ko ɓarɓashin ƙarfe a jikin maganaɗisu, sannan a ce a buɗe.

Adalci ne a faɗa cewa ba kowane laifi ne namu ba. A 2004 Honda ta yi kiranyen motoci masu ɗimbin yawa a Amurka, ciki har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu na yin zafi fiye da kima, kuma irin waɗannan motoci ne suka tsufa suka gangaro mana. Giyar AL4 da ke cikin Fijo 406 da 307 ta yi suna wajen matsalar solonoyid ɗin da ke daidaita ƙarfin mai. Zafin Afrilu da lodin da ya wuce kima ma suna dafa mai, shi ya sa cikin duk gyare-gyaren da ake yi wa otomatik, wanda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne ƙara mata ɗan lagireton mai na daban. Masu wasan mota a bukukuwa, waɗanda ke danne birki da totur lokaci guda don taya ta yi hayaƙi, su kam kansu suke yi wa. Mintuna kaɗan na wannan wasa kan tafasa man kwambata.

Akwai wani cikas da ba a cika ambata ba, wato ƙura. Giyar Fijo ana iya baje ta a kan buhu a gindin darbejiya, a wanke da fetur a mayar. Farantin bawul na otomatik ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale shi, ko zaren tsumman da aka goge shi da shi. Garejin bakin titi a watan Janairu ba wurin wannan aiki ba ne. Yana bukatar ɗaki mai ƙofa da daɓen siminti da tebur, ga kuma littafin ma'auni, wanda da Turanci yake. Wannan, fiye da komai, shi ya tura aikin birni.

Yanzu lissafi ya sake juyawa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta sake faɗuwa bayan nan, giyar Beljiyam ta yi tsadar da malamin makaranta ba zai iya ba, gyara ya dawo da daraja. Na'urar bincike da a da sai babban gareji, yau akwai ƙaramarta da ke haɗuwa da wayar hannu. Gwamnatin Kano ta taɓa tura matasa, har da mata, cibiyar koyarwa ta PAN a Kaduna don koyon gyaran motocin zamani. Ga kuma sabon sauyi ya shigo, mayar da motoci masu amfani da iskar gas, wanda ke rage wa inji ɗan ƙarfi ya ƙara wa baya nauyin tukunya, kuma in ba a saita shi daidai ba giyar otomatik ce za ta fara nuna alama.

Ra'ayina shi ne Ɗanbatta ba ta rasa hannu ba, ɗaki da karatu ta rasa. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙaramar hukuma za su iya haɗa kai su samar da rufaffen ɗaki ko da guda ɗaya, da na'ura mai kyau da ma'aunin ƙarfin mai, a ɗauko ƙwararre daga Kano yana zuwa koyarwa. Iyaye su bar yaro ya gama sakandare kafin su miƙa shi gareji, ko ya haɗa biyun, domin bakaniken da ba ya karanta lamba rabin motocin titi sun fi ƙarfinsa. Iyayen gida kuma su daina koya wa yara cire tamostat. Kai kuma mai mota, kafin ka yarda a sauke maka giya, faɗa wa bakanike duk abin da aka taɓa sauyawa a motarka, ka nemi a soka na'ura a hau titi da ita, ka kuma tambayi sunan man da za a zuba maka ka gan shi a rubuce a jikin galan.